Digiri A Hannu, Tsingaro A Ƙasa: Darasin Da Na Ɗauko Daga Wudil

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san cewa ranar Juma'a ba ranar gaggawa ba ce a Wudil. Tun kafin ka hau gada za ka tarar da manyan motoci sun yi jerin gwano, waɗansu na sauke shanu waɗansu na lodi, ga masu kifi, ga tukwane da tuluna an jere suna jiran mai saye. Ni dai ba cinikin shanu ke kai ni garin ba. Malamin kimiyyar harshe ne ni, kuma na shafe 'yan shekaru ina tattara kalmomin sana'o'inmu na gargajiya, musamman na magina tukwane da masunta, tun masu su suna raye. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye ne, a ranin bara, na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A wannan karon na tafi da ɗan yayata, wanda bai daɗe da kammala digirinsa na farko a fannin ilmin kufai ba, wato ilmin nan na gano tarihin mutanen da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa, wanda Turawa ke kira akiyoloji. Ba zan ambaci jami'ar da ya yi karatu ba, domin abin da zan faɗa ba laifin makaranta ɗaya ba ne. Yaro ne mai ƙwazo, sakamakonsa ma abin a yaba ne. Yana zaman jiran tafiya bautar ƙasa, sai na ce ya zo ya riƙe mini rikoda, wataƙila shi ma ya ƙaru.

Dattijon da nake ɗaukar bayani a wurinsa, maginin tukwane ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Da ya ji irin karatun da yaron ya yi, sai ya ce, "Ashe kai ne mutumin da nake nema. Ku taso in nuna muku wani wuri." Ya kai mu wata gona a kan tudu, nesa kaɗan da kogi, wadda manyan kukoki suka yi wa ƙawanya. An riga an girbe amfani, ƙasa ta bushe, tsingaro kuwa ga shi nan birjik duk inda ka taka. Ɗan yayata ya durƙusa cikin murna, ya shiga tsinta yana zubawa a leda, yana jero mini sunayensu da Turanci. Dattijon ya karɓi guda ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, wannan na mene ne?" Yaro ya yi shiru. Dattijo ya ce, "Bakin randa ne, dubi kaurinsa da yadda ya lanƙwasa. Wancan kuwa gindin tukunyar girki ne, ga baƙin wuta nan bai fita ba. Wannan zanen da murɗaɗɗiyar igiya aka yi shi, tun yumɓun yana ɗanye. Amma yumɓun ba irin namu na yanzu ba ne, namu ba ya wannan ƙyalli."

Ni kuma, duk da ba fannina ba ne, sai na tambayi yaron ko ba zai rubuta inda ya tsinci kowane ɗaya ba kafin ya haɗe su wuri guda. Nan take jikinsa ya yi sanyi, domin ya tuna cewa wannan shi ne darasin farko da aka koya musu a aji. Muka mayar da abin da ya tsinta, muka bar gonar yadda muka same ta. A mota, kan hanyarmu ta komawa Kano, ya ce mini, "Kawu, wallahi na san duk wannan a takarda. Amma a shekara huɗu, idan aka haɗa duk fitar da muka yi ba ta cika mako uku ba. Mun fi arba'in a kan rami guda, kwana biyu kacal na riƙe cokalin tono. Na'urar awon ƙasa kuwa daga nesa muka gan ta, malami ne ya riƙe." Ya ƙara da cewa ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi ya zauna gaban dattijo ya yi masa tambayoyi da Hausa ba.

Aikin da ba a maimaita shi

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba sabon abu ba ne, kowane fanni a jami'o'inmu haka yake fama. Gaskiya ne, amma ilmin kufai yana da wata siffa da ta bambanta shi. Idan ɗalibin kimiyyar sinadarai ya ɓata gwaji, gobe sai ya sake. Idan ni na yi kuskure wajen rubuta hira, rikoda na nan, sai in koma in saurara. Shi kuwa mai tonon kufai, duk inda ya tona ya rushe shi ke nan har abada. Ƙasar tsohon mazauni hawa-hawa take, na ƙasa ya riga na sama, kuma darajar tsingaro ko gawayi ko ƙashi tana ga sanin hawan da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Gawayin da aka ɗauka da kula, aka rubuta zurfinsa da matsayinsa, ana iya auna shi a ɗakin gwaji a san shekarunsa. Wanda aka kwasa aka zuba a leda ɗaya da sauran tarkace, gawayi ne kawai. Saboda haka ne dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana kowa tonon kayan tarihi sai da izininta. Wanda ya sami izini alhali hannunsa bai faɗa ba, ɓarnar da zai yi ba ta da nisa da ta ɓarawon da ya zo da dare.

Ba a rasa tushe mai kyau a ƙasar nan ba. Bernard Fagg ya fara bin diddigin gumakan yumɓu na Nok tun cikin shekarun 1940. Thurstan Shaw ya tona Igbo-Ukwu a 1959 da 1960, sannan ya koyar a Jami'ar Ibadan daga 1963 zuwa 1974, inda ya kafa sashen wannan ilmi. Jami'ar Nsukka ta fara nata tun cikin shekarun 1960. Graham Connah ya tona tudun Daima a ƙasar Borno a tsakiyar shekarun 1960. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, John Sutton ya bincike wuraren narka tama a yammacin Samaru a cikin shekarun 1970, kuma jami'ar ta daɗe tana yaye masana a wannan fanni, waɗanda da yawansu yau su ne ke riƙe da gidajen tarihinmu. Ekpo Eyo, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci hukumar kayan tarihi, shi ma mutumin rami ne, ya tona a Ife da Owo. Duk waɗannan mutane a fage suka ƙware, watanni suke yi a cikin ƙura. Tambayata ita ce, shin jikokinsu na ilmi da muke yayewa yau suna samun ko da ushirin wannan gogewa?

Me ke jiranmu a ƙasar Kano?

Kada a ɗauka gonar da dattijon ya nuna mana wani abin mamaki ce. Ƙasar Kano cike take da irinta. Awon da aka yi wa gawayin wani wurin narka tama a Dala ya nuna cewa ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908 aka lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Labarin baka ya ce maƙeran farko na Dala, wato Abagayawa, daga Gaya suka taso neman tama, Gaya kuwa tana gaba kaɗan da Wudil. Kudu da birni ga Santolo, wadda Sarki Yaji, da ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci da yaƙi. Idan ka miƙe hanya daga Wudil za ka isa Birnin Kudu a Jihar Jigawa, inda aka bayyana wa duniya zane-zanen kan duwatsu a shekarun 1950. Shanun da aka zana a can marasa tozo ne, ba irin waɗanda suka cika karar Wudil ranar Juma'a ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kiwo ma yana da tarihin da ba a gama karantawa ba.

Abin lura shi ne, manyan tonon da suka haskaka tarihin ƙasar Hausa a 'yan shekarun nan, baƙi ne suka jagoranci akasarinsu. Kufan Kanawa, tsohon birnin nan mai ganuwar dutse a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, wanda mutanen wurin ke cewa daga nan Kanawa suka tashi, Anne Haour ce ta tona shi, ta wallafa sakamakon a 2003. Kaburburan Durɓi Takusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda Palmer ya fara taɓawa a 1907, masana daga Jamus ne tare da hukumarmu ta gidajen tarihi suka sake tona su a 1992, kuma sai da aka kai kayan birnin Mainz aka gyara su aka nazarce su, ciki har da 'yan kunnen zinariya da tasar tagulla da ta fito daga ƙasashen Gabas. Ba ina zargin waɗannan masana ba ne, sun yi aiki nagari, kuma da 'yan ƙasa suka yi shi. Ina dai cewa al'ummar da ba ta horar da 'ya'yanta su karanta ƙasarta ba, za ta daɗe tana jiran fassarar wani.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Tun 2006 aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Wudil. Garuruwa na faɗaɗa, ana yanka gonaki ana mayar da su filaye, motocin tifa na ɗibar yashi da jar ƙasa dare da rana. Katafila ba ta san bambancin tudun banza da tudun da gari ya kwanta a ciki ba. Ga kuma masu haƙar gumaka don sayarwa ƙetare, waɗanda ɓarnarsu ta sa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

Inda gizo ke saƙa

Dalilan da suka sa horon ya yi rauni ba ɓoyayyu ba ne, kuma adalci ne a ce yawancinsu sun fi ƙarfin malaman sashen. Na farko kuɗi. Fita fage na bukatar mota da abinci da makwanci da kayan aiki na makonni, ga awon gawayi da akan aika ƙasashen waje a biya da kuɗin ƙetare. Na san malaman da ke cika kuɗin tafiya daga aljihunsu. Na biyu kalanda. Tono aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, kafin ruwa ya sauka. Yajin aikin malaman jami'o'i na wajen wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun hargitsa zangon karatu, kuma duk lokacin da aka matse zango don a cim ma jarrabawa, fita fage ce ake fara yankewa. Na uku tsaro. A watan Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da abokin aikinsa a wurin tono a ƙaramar hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. An sako masanan bayan 'yan kwanaki, amma tun daga nan kowane shugaban sashe sai ya yi dogon tunani kafin ya kwashi 'ya'yan mutane ya kai su daji.

Akwai kuma dalili na huɗu, wanda ba a cika ambatonsa ba, kuma shi ne ya fi damuna a matsayina na malamin harshe. Mu duba yadda aka gano manyan abubuwan tarihin ƙasar nan. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da gunkin Nok a 1928. Wani magidanci ne mai haƙa ramin tara ruwa a gidansa ya fara tono tagullar Igbo-Ukwu a ƙarshen shekarun 1930. Kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Babu ɗaya daga cikinsu da farfesa ya gano yana zaune a ofis. Talaka ne ya gani, ya faɗa, aka sami mai saurare. Ke nan kayan aikin farko na mai binciken kufai kunnensa ne da harshensa, cebur da rariya daga baya suke zuwa. Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari.

Harshen Hausa kansa taswira ce ga wanda ya iya karanta ta. Manomi ba ya kiran wuri kufai sai ya san an taɓa zama a wurin, kuma ya san bambancin kufai da kango. Inda aka ce Tsohon Gari, ko Birni, ko Garu, a nemi alamar ganuwa. Inda aka ce Maƙera a duba ƙasa ko za a ga kashin maƙera. Inda aka ce Marina ko Karofi, akwai yiwuwar rijiyoyin baba sun binne a wurin, da katsin da ake ƙonawa a yi laso da shi. Kukoki da suka taru wuri guda a tsakiyar gona, kamar waɗanda muka gani, sau da yawa shaidar tsohon mazauni ne. Sunan Kufan Kanawa da kansa ya faɗi abin da mutanen wurin suka ɗauke shi, Takusheyi kuwa daga kushewa take. Haka nan wanda bai san bambancin randa da tulu da kwatarniya da kasko da tanda ba, da abin da ake yi da kowanne, yaya zai dubi tsingaro ya ce nan madafa ce, can kuwa ɗakin ajiya? Shi kansa Sutton, a maƙalar da ya wallafa a 1979 kan tarihin ƙasar Hausa, da hujjar harshe ya kafa ra'ayinsa cewa Hausa daga gabas ta bazu zuwa yamma.

Jin Hausa a gida kuwa ba shi ne iya bincike da Hausa ba. Ɗan yayata Bakano ne haihuwar birni, amma bai san kalmar tsingaro ba sai ran nan. Tambaya ma fanni ce da ake koya. Idan ka ce wa dattijo, "Baba, ashe nan ne tsohon garin da aka ce an ci da yaƙi?" ladabi zai sa ya ce maka e, sai ka koma ka rubuta abin da kai ka sa masa a baki. Sunayen wurare ma suna yaudara, domin mutane kan ƙirƙiro labari don su fassara sunan da asalinsa ya ɓace musu, kuma sai wanda aka horar ne zai iya rarrabe tsohon labari da sabon ƙari. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita iri ɗaya a takarda, haka ma kukar miya da kukan yaro. Mai rubuta sunan wuri ba tare da ya kiyaye wannan ba, yana iya ɓatar da duk wanda zai karanta rahotonsa. A yanki irin na Wudil kuma, inda Fulani suke da tsohon tarihi, har Joɓawa suka riƙe sarautar Makaman Kano daga nan, dole a sa ran cin karo da sunayen da sai mai jin Fulatanci zai warware su.

Sai kuma ladabin shiga gari. Baƙon da ya sauka da igiyar awo a gonar mutum bai gaida hakimi da dagaci da mai unguwa ba, manomi zai ɗauka gwamnati ce ta zo ƙwace fili, ko kuwa masu neman tukunyar dukiya ne. Idan tono ya kai ga ƙashin mutum, abin da ɗalibi zai faɗa wa liman da dattawan gari a wannan sa'a shi zai sa a ci gaba da aiki ko a kore su. Sanin amfanin tukwane kuwa, rabinsa yana cikin gida wurin tsofaffin mata, inda ɗalibi namiji ba zai shiga ba, wanda ke nuna cewa ayarin da babu ɗalibai mata a cikinsa rabin labari zai samo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyo a allo.

Uzurin da nakan ji

Wani abokin aikina da na yi wa wannan ƙorafi ya ce jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce, aikinta ta koya wa ɗalibi tunani, hannu kuwa ya faɗa a wurin aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin mai tonon da ba shi da tambayar da yake son amsawa, lebura ne kawai. Amma ba mu yarda da wannan uzuri a fannin likita ba, shi ya sa aka gina asibitocin koyarwa. Ba mu yarda da shi ga lauyoyi ba, shi ya sa aka buɗe Makarantar Horar da Lauyoyi. Ɗalibin koyarwa ma sai ya tsaya gaban aji na tsawon zango. A Ingila, inda tun 1990 aka ɗora wa masu manyan gine-gine nauyin biyan kuɗin binciken kufai kafin su fara aiki, akwai kamfanonin tono da ke ɗaukar sababbin masu digiri, amma duk da haka su ma sun yi ta kukan cewa yaran na zuwa hannunsu bai faɗa ba, har aka fito da wani ɗan littafi da shugaban aiki ke sa hannu a ciki duk lokacin da ɗalibi ya nuna ya iya wani abu. Mu da ba mu da irin waɗannan kamfanoni, in yaro bai koya a jami'a ba, a ina zai koya?

Shawarata

Ina ganin Wudil ta dace a kafa sansanin horo na dindindin, inda ɗaliban ilmin kufai daga jami'o'i daban-daban za su riƙa zuwa kowane rani su yi aƙalla mako shida. Tana kimanin kilomita 40 daga Kano, a kan babbar hanya. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda ta fara aiki a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, tana da ɗakunan kwana da malaman nazarin ƙasa da taswira. Akwai magina tukwane da ke aiki har yau, ga kogi, ga tsofaffin mazaunai, ga Gaya da Birnin Kudu a kusa. Komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara ya fi arha, yana kuma gina amana da mutanen gari, sa'annan abin da ayarin bana ya fara na baɗi ya ɗora. Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda da ke garin ita ma za ta amfana, domin jami'in da ya taɓa ganin kayan tarihi da idonsa shi zai gane su a bayan mota a shingen bincike.

Kowane ɗalibi ya riƙe littafin shaida, kada a ba shi digiri sai an sa hannu cewa ya zagaya fili ya zana taswirarsa, ya tona rami hawa-hawa, ya zana bangon ramin, ya wanke tsingaro ya rarraba, ya kuma rubuta rahoto. A cikin sharuɗɗan a sa cewa ya yi hira da mutum uku a harshen yankin, ya rubuta ta, ya kuma tsaya gaban dagaci da jama'arsa ya bayyana musu abin da aka samo da harshen da suke ji. Yawancin wannan ba ya bukatar na'ura mai tsada. Igiya da tef da rariya da cokalin magini da wayar hannu mai nuna matsayi sun isa a fara. Asusun TETFund, wanda ke gina manyan ɗakunan lacca, ya ware wani abu don wannan, hukumar gidajen tarihi ta ba da izini da ma'aikatanta na Gidan Makama, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta shigo da nata.

Mu ma malaman harshe da laifinmu. Mun zauna a sassanmu muna nazarin ginin jimla, ba mu taɓa ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtanmu mun ce ga abin da za mu iya ba ku ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suna ɗauke da ɗimbin kalmomin ƙira da rini da gini da ginin tukwane. Aikinmu ne mu tsamo su, mu koma wurin masu sana'a mu tantance, mu haɗa ɗan littafi mai hotuna da ɗalibi zai sa a aljihu. Aikinmu ne kuma mu tsara kwas na zango guda kan dabarun hira da nazarin sunayen wurare, mu koyar da shi tare da malaman ilmin kufai. Ni dai na fara nawa, kuma ƙofata a buɗe take ga duk wanda yake so mu haɗa hannu.

Ɗan yayata bai tsaya jiran kowa ba. Kafin a kira su sansanin bautar ƙasa ya koma Wudil da kansa, ya yi mako uku wurin dattijon nan yana kwaɓa yumɓu, yana taya shi jera tukwane a wurin gashi, yana rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinsa. Ya dawo da littafi cike, da hannaye masu kanta. Ya ce mini 'ya'yan dattijon duk sun koma birni, ɗaya na tuƙin A Daidaita Sahu, ɗaya na sayar da robobi, babu wanda ya gaji sana'ar. Ranar da za su rabu, dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka gaya wa malamanku, in za su zo su zo da wuri. Mai gonar nan ya fara maganar yanka ta filaye, ni kuma ga yadda ka gan ni." Saƙon ke nan na isar. Allah Ya sa a ji.